Warkarwa Ake Yi Ko Ciniki?

 Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da sauran annabawa baki ɗaya, har da Annabi Isa ɗan Maryam, wanda yau za mu yi magana a kan cinikin da ake yi da sunansa.

Jama'ar Sabo, duk wanda ya fita daga unguwar nan ya bi ta Mokola ya gangara Dugbe, ko ya hau titin Legas, ya san abin da ke manne a jikin gadoji da katangu. Fosta ce kan fosta: makaho zai gani, gurgu zai taka, juya za ta haihu, mai ciwon suga zai jefar da allurarsa. In dare ya yi kuma lasifika ta ɗauka har asuba. Da abin ya tsaya tsakanin masu shi, da ba ruwanmu, kowa da kiwon da ya karɓe shi. To amma abin ya shigo mana gida. Mun sani, kun sani, akwai matanmu da ake fita da su a ɓoye bayan isha'i zuwa wajen kwanan addu'a. Akwai 'yan kasuwa a cikinmu da suka kai uwa ko ɗa, suka zuba kuɗin huhun goro a ambulan suka miƙa. Ba a faɗa a majalisa, amma mu da ake kira sallar jana'iza, mu ne muke jin ƙarshen labarin.

Ba mu zo mu yi wa kowa dariya ba. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Uwar da ɗanta ke faɗuwa da farfaɗiya sau uku a mako, in an ce mata ga inda za a raba shi da ciwon a dare ɗaya, wallahi sai mai ƙarfin zuciya ce za ta zauna. Faɗanmu da mai miƙa takobin ne.

Mu 'yan kasuwa ne. In mutum ya kawo kaya ya ce na kamfani kaza ne, hatimi muke dubawa. Masu wannan sana'a sun ce abin da suke yi daga littafinsu ya fito. To littafin nan ba ɓoyayye ba ne, an fassara shi da Hausa tun 1932, kuma ana sayar da shi a fili. Mu Musulmi muna da matsayinmu game da littafin da ke hannunsu yau, malamai sun yi bayani, ba shi ne zancenmu ba. Yau da mudunsu za mu auna su.

Kafin nan, a san cewa babu gardama a kan Annabi Isa (AS) ya warkar. Alƙur'ani ya tabbatar a Suratu Ali Imrana aya ta 49 da Suratul Ma'ida aya ta 110 cewa ya warkar da wanda aka haifa makaho, ya warkar da mai albaras, ya ta da matattu, duk da izinin Allah. Musulmin da ya musanta wannan ya bar hanya. Mun rabu da maƙwabtanmu Kiristoci a kan ko wane ne shi, mu a wurinmu bawan Allah ne kuma manzonSa. Amma cewa ya warkar, wannan kam mun haɗu. Abin tambaya shi ne, yaya ya yi?

Mu fara da kuɗi, tunda nan gizo yake saƙa. A bincika Matiyu da Markus da Luka da Yohanna daga fari har ƙarshe, ba za a sami wuri ɗaya da ya karɓi ko anini daga hannun marar lafiya ba. Da ya aiki almajiransa su je su warkar, a Matiyu sura ta 10, sharaɗin da ya kafa musu shi ne su bayar kyauta, domin su ma kyauta suka samu. A littafin Ayyukan Manzanni sura ta 8 akwai wani Siman, matsafi a Samariya, wanda ya kawo kuɗi yana son ya sayi ikon ɗora hannu. Bitrus ya fatattake shi, ya haɗa shi da kuɗin ya yi musu baki. A Sarakuna na Biyu sura ta 5 kuma ga labarin Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, kuturu, wanda ya warke bayan ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun bisa umarnin Elisha, wanda malamanmu da yawa ke cewa shi ne Annabi Alyasa'u. Ya zo da dukiya niƙi-niƙi, Elisha ya ƙi taɓawa. Baransa Gehazi ya bi bayan mutumin a ɓoye, ya yi ƙarya, ya karɓo azurfa da riguna. Me ya samu? Kuturtar Na'aman ta koma jikinsa. To wanda ke sayar da kwalbar mai da hankici da ruwan leda, yana cewa sai ka shuka iri kafin a yi maka addu'a, kuma layin mai dubu hamsin daban da na mai dubu biyu, ku gaya mana, wa ya gada a cikin mutanen nan? Elisha ko Gehazi?

Sai maganar talla. A Markus sura ta 7, da aka kawo masa kurma, janye shi ya yi daga cikin taro. A sura ta 8, makahon Betsaida hannunsa ya kama ya fitar da shi bayan gari. A sura ta 5, da ya shiga wurin 'yar Yayirus mai shekara 12, fitar da masu kuka ya yi, ya bar iyayenta da almajirai uku. Da yarinya ta tashi, ya hana a baza labari, ya ce a ba ta abinci. Da malaman Yahudawa suka ce ya nuna musu alama su gani, ƙi ya yi. Wannan shi ne mutumin da ake cewa ana koyi da shi. Yau kuwa sai an kafa kyamara, an kunna fitila, an jera keken guragu a gaban dandamali, sannan ruhu zai sauka. Marar lafiya ya zama kayan talla, ana juya shi a gaban dubban mutane, gobe ka gan shi a Facebook da TikTok yana birgima a ƙasa. Matar aure, 'yar mutunci, zaninta ya kwance a faifan da ba zai taɓa gogewa ba. Haba jama'a!

Sai tantancewa. A Markus sura ta 1, kuturun da ya warkar, cewa ya yi ya tafi ya nuna kansa ga firist. Kutare goma na Luka sura ta 17 ma haka. Me ya sa? Domin a shari'ar Annabi Musa, kamar yadda take a Littafin Firistoci sura ta 13 da ta 14, firist ne ke duba fatar mutum ya tabbatar ya warke kafin a bar shi ya koma cikin jama'a. Wato shi ne jami'in lafiya na wancan zamani. Mai gaskiya ba ya tsoron awo. Amma a 2004, da hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ce a daina nuna mu'ujizar da ba a tantance ba, kun tuna irin ihun da aka yi. Ina abin ihu? Asibitin koyarwa na UCH yana nan kusa da mu, ko a ƙafa ana zuwa. Wanda ya ce ya kori ciwon suga, ya kawo takardar gwajin jini ta kafin addu'a da ta bayanta. Wanda ke buɗe idon makafi, ga makafi nan a bakin masallatanmu kowace Juma'a, mun san su, mun san sunayensu, mun san shekarun da suka yi suna bara. Me ya sa kullum wanda ke warkewa baƙo ne daga garin da ba wanda ya sani? Gani ai ya kori ji.

Yanzu ga wadda ta fi ciwo. In an yi addu'a ba a warke ba, sai a ce wa marar lafiya bangaskiyarka ce ta yi rauni. Ya zo da ciwo ɗaya, ya koma da biyu, ga na jiki ga na zuci. Mun san za su ce ai a littafin an sha ce wa wanda ya warke bangaskiyarsa ce ta cece shi. Gaskiya ne, yana nan, kamar matar da ta shekara 12 tana zubar jini a Markus sura ta 5. Za su ce a Nazarat ma bai yi ayyuka da yawa ba saboda rashin gaskatawar mutanen garin. Wannan ma yana nan. Amma ku lura, wancan yabo ne ga wanda ya riga ya warke. Ba mu ga inda marar lafiya ya zo gabansa yana roƙo, ya gwada ya kasa, sannan ya ɗora masa laifi ya sallame shi da ciwonsa ba. Mutumin da ya shekara 38 yana fama da ciwo, wanda ke kwance a bakin tafkin Betasda, a Yohanna sura ta 5, ko sunan wanda ya warkar da shi bai sani ba lokacin da aka tambaye shi. Ina bangaskiyar da ya kawo? Uban yaron nan mai faɗuwa a wuta da ruwa, a Markus sura ta 9, da bakinsa ya nuna imaninsa bai cika ba, aka kuma warkar masa da ɗa. Da almajirai suka tambayi dalilin da ya sa su suka kasa, a Matiyu sura ta 17, ƙarancin bangaskiyarsu aka nuna musu, su masu addu'ar. Ashe ko a mudunsu, in ba a warke ba, mai ɗora hannu ya kamata ya binciki kansa.

Akwai kuma masu raba zumunta. Ka kai musu ciwo, su ce kishiya ce, ko uwar miji, ko wata tsohuwa a ƙauyenku. Gidaje nawa wannan magana ta rusa a ƙasar nan? Yara nawa aka azabtar da sunan mayu? A Yohanna sura ta 9, almajirai sun ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya laifin wa ya jawo, nasa ko na iyayensa. Amsar da aka ba su ita ce ba na kowa ba ne. Nan take aka rufe ƙofar neman wanda za a zarga. Su kuwa waɗannan, wannan ƙofar ce shagonsu.

Kuma wa ya ce a littafin kowa warkewa yake yi? Bulus, wanda wasiƙunsa suka kai kusan rabin adadin littattafan Sabon Alkawari, ya faɗa a Korintiyawa ta Biyu sura ta 12 cewa sau uku yana roƙon a cire masa wata ƙaya a jikinsa, ba a cire ba. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Timoti mai yawan ciwon ciki, shawarar abin da zai riƙa sha ya rubuta masa, bai ce ya zo dandali ba. Luka kansa, wanda ake jingina masa Linjila guda, likita ne. Shi ya sa Kiristocin farko da suka shigo ƙasar nan da wannan littafi asibiti suka gina. Asibitin Sacred Heart na Abekuta tun 1895 yake. Ga na Ogbomosho, ga na Wusasa a Zariya, ga asibitin ido na ECWA a Kano wanda iyayenmu da yawa suka je aka cire musu yana suka dawo suna karatun Alƙur'ani da idonsu. Waɗannan sun karanta labarin kutare goma, sai suka buɗe wuraren jinyar kutare. Waɗancan sun karanta, sai suka buga fosta. Ko a cikin maƙwabtanmu Yarbawa Kiristoci, masu hankali da yawa abin nan yana ƙona musu rai fiye da mu, domin sunan addininsu ake ɓatawa. Littafin nasu ma ya yi gargaɗi, a Matiyu sura ta 7 da ta 24, cewa za a yi masu nuna abubuwan al'ajabi da sunansa alhali bai san su ba. Malamanmu kuma sun koya mana bambancin mu'ujiza da karama da istidraji. Ba duk abin mamaki ne daga Allah yake nuna yarda ba.

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda ya karanta zuwa nan yana murmushi, ya gyara zama. Wannan ciniki yana da reshe a cikin unguwar nan, sai dai shi rawani yake naɗawa. Motar da ke yawo da lasifika tana tallar garin magani ɗaya mai kashe cuta arba'in, daga basir har sankara, ta wa ce? Mai ɗakin ruƙiyya da ke yanka kuɗi kafin ya buɗe baki, ya tara matan mutane yana duka da bulala wai aljani yake kora, yana ɗauka a waya yana turawa a WhatsApp, ɗan wane addini ne? Wanda ke ce wa mai hawan jini ya ajiye ƙwayarsa ya sha rubutu kawai, in jijiya ta tsinke ya ce ƙaddara, da shi da mai hankici me ya raba su? Yare kawai. Za su kawo hadisin sahabban da suka karɓi garken tumaki bayan sun yi wa shugaban wata ƙabila tofi da Fatiha. Hadisi ne ingantacce, ba mu musa ba. Amma sai da mutumin ya miƙe ya taka aka ba su tumakin, kuma ba su buɗe shago da shi ba.

Mu dubi Manzon Allah (SAW). Ya yi rashin lafiya, an yi masa ƙaho, ya biya mai ƙahon ladansa. Ya koyar da cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, ya kuma umarce mu da neman magani. Wata mata mai farfaɗiya ta roƙe shi addu'a, ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya yi mata wannan addu'ar. Bai ce imaninta ne ya gaza ba. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwar yaron ne. Da mai neman suna ne, shiru kawai zai yi, labari ya bazu. Sai ya tashi ya gyara musu, ya nuna rana da wata ba sa husufi don mutuwar kowa. An miƙo masa mu'ujizar ƙarya a kyauta ya mayar. Wannan shi ne hatimin da za mu riƙa dubawa a jikin kowa, mai kwat ne ko mai rawani. Kuma kada mu manta da gargaɗin da ya yi cewa mai zuwa wajen ɗan duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in.

Mun ga abin da jita-jita ke yi wa lafiya. A watan Agustan 2014, lokacin Ebola, saƙo ya zagaya cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Musulmi da Kirista aka tashi ana dama gishiri, wasu suka mutu, wasu aka kwantar a asibiti. Abin da ya tsayar da cutar a Legas shi ne likitoci irin su Dakta Stella Adadevoh, wadda ta hana marar lafiyan da ya shigo da ita fita daga asibiti, ta rasa ranta a kan haka. A watan Oktoba na shekarar aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar. A Arewa kuma, ƙin allurar shan-inna da aka yi a 2003 ya bar yara da yawa a gurgunce, sai a 2020 aka tabbatar an kawar da ita. Duk wanda ya ga ɗayan yaran nan yana jan jiki a tasha, ya san farashin jin maganar wanda bai sani ba.

Ga samarinmu kuma, masu zafin jini, ku saurara da kyau. Wannan rubutu ba izini ba ne ga kowa ya je ya yage fosta, ko ya jefi wurin taro, ko ya zagi maƙwabcinsa. A Oktoban 1991, zuwan mai wa'azin nan Bajamushe Reinhard Bonnke Kano ya zama sanadin tarzomar da ta ci rayuka masu yawa da dukiya, kuma babu makaho ɗaya da ya buɗe ido saboda jinin da aka zubar. Mu nan tun 1916 aka yanka wa kakanninmu Sabo, sun zauna da mutanen gari da amana da ciniki. Abin da ya faru a kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 bai bushe a zukatanmu ba, daga cacar baki aka fara. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Hujja ake karyawa da hujja. Ƙofar gidanka za ka tsare, ba ta wani ba.

Tsare ƙofar kuwa aiki ne. Yawancin masu zuwa wuraren nan ba son barin addini ya kai su ba, kuɗin asibiti ne ya gagara, kuma ba wanda ya leƙo su. A can an tarbe su da fara'a, an riƙe musu hannu, an kira sunansu. Mu fa? Mutum zai yi wata uku a kwance a lungunmu, ba mai sallama, ranar da ya cika kuma sahu ya kai titi. Don haka muna kira ga Sarkin Hausawa da majalisarsa, da limamai, da shugabannin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan canji, a kafa asusun jinya a kowane masallaci, da littafi a buɗe, a riƙa karanta shiga da fita ranar Juma'a. A samu samari masu jin Yarbanci da Turanci su riƙa raka tsofaffi da mata asibiti, domin da yawa tsoron layi da yare ne ke korarsu. A sanar da jama'a cewa maganin tarin tibi kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, wata shida ake sha. Maganin kuturta ma kyauta ne, kuma ana warkewa. Yanar ido aiki ne na ɗan lokaci. Farfaɗiya tana da ƙwayar da ke riƙe ta, mai taɓin hankali kuma akwai asibitin Aro a Abekuta, ba sai an ɗaure shi da mari ba. Hawan jini da ciwon suga ba a yaye su da dare ɗaya, lallaɓa su ake yi har ƙarshen rai, duk wanda ya ce ka zubar da maganinka, ka tambaye shi ko zai riƙe maka marayu.

Maigida, in matarka ta ce ba ta da lafiya, ka ajiye ciniki ka kai ta da kanka. In ka bar ta da dubu ɗaya da "Allah ya sawwaƙe", wata za ta nuna mata hanya, kuma alhakin yana wuyanka. Addu'a kuwa, ka yi ta da bakinka, ka tofa wa ɗanka Fatiha da Falaƙi da Nasi da hannunka, ba a biyan ko kwabo. Ka ɗaure raƙuminka sannan ka dogara ga Allah.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, namu da na maƙwabtanmu. Wanda ya ga kuskure a lambar sura ko aya da muka ambata, Musulmi ne ko Kirista, ya zo da littafinsa bayan la'asar, tabarma a shimfiɗe take.